Akwatin Kuluwa

Allon filin jirgin Jidda ya ce:
Madina, awa ɗaya ba 'yan mintuna.
Takardar da ke hannuna ta ce:
akwati ɗaya, ruwan ƙasa, ya makara,
mai shi ta tashi tun da hantsi.
Kuluwa, daga Ringim.
Na sa hannu, na ɗora shi bayan mota.

Shekara tara ke nan aikina:
abin da sama ta manta, ni nake kai shi ta ƙasa.

An ɗaure mariƙinsa da ƙyallen atamfa,
kore da ruwan goro, ƙulli biyu,
ɗaurin wadda ba ta yarda da lamba ba.
Ban buɗe ba. Ba na buɗewa.
Amma kafin in wuce Zahaban
daddawa ta yi sallama,
ta dawo kujerar gaba
kamar ita ta biya kuɗin mota.

Masu awo sun ce ta sama
kilomita ɗari uku ne da 'yan kai,
zare miƙaƙƙe, ba dutse, ba raƙumi.
Ta ƙasa ɗari huɗu har da ɗoriya,
don kwalta ba ta da fiffike,
dole ta gaida kowane tsauni,
ta kewaye wanda ya ƙi amsawa.
A wannan rarar da ke tsakani
nake samun na cefane.

Duwatsu baƙaƙe, kamar an yi gobara an manta.
Allo a gefen hanya yana cewa: ambaci Allah.
Na ambata.
Birai sun jeru a kan shinge
suna ƙirga motoci, ba sa gajiya.
Can sama wani jirgi ya ja farin layi,
kafin in canja giya ya shige,
da mutum ɗari biyu da ba su ga birin ba.

A Wadil Fara'a na tsaya shan shayi.
Bayamanin ya leƙa motar, ya toshe hanci:
me ya mutu a ciki?
Na ce ba kowa.
Ƙarya na yi.
Ni haifaffen Karantina ne, a bayan Jidda,
Hausata ta ɗaki ce, ba ta taɓa ganin Kano ba,
kuma tun ranar da muka rufe Inna
tukunyarmu ba ta sake wannan ƙamshi ba.

Magariba ta same ni a Yatama.
Isha ta riga ni shiga gari.

A filin jirgin Madina, kusa da ofishin kaya,
wata tsohuwa na zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa,
ta ƙi masauki, ta ƙi kujera,
jami'ai uku sun gaji da lallashi.
Ba ta dubi takarda ba.
Ƙullin ta shafa, ɗaya, biyu,
sannan ta ɗago: ɗan nan, daga ina?

Na ce Jidda.
Ta ce Jidda ai nan ce bayan ɗaki,
ruwa kofi ɗaya na sha, aka ce mu sauka.
Na ce awa biyar, Baba, har da shayi.
Ta riƙe haɓa.
Ta ce ashe an sace mini hanya ban sani ba,
to, me ka gani?

Na ba ta birai, na ba ta baƙin dutse,
na ba ta Bayamani da hancinsa.
Ta yi dariya har haƙorin da ya rage ya fito.
Ta zuge akwati, ta tona ƙarƙashin zannuwa,
ta danƙa mini curi uku a leda:
kai wa mahaifiyarka.

Ban gyara mata ba.

Yanzu ƙarfe ɗaya na dare, na juya kan mota.
Ɗari huɗu da ɗoriya suna jirana,
ko taku ɗaya ba su rage ba.
Ledar tana kujerar gaba.
Na ɗaga gilashi duka huɗun,
kada iska ta sha rabona.